Ta'aziyya a Bakin Gada Mai Rufi

Akwai wani ɗan kasuwa mai suna Munkaila, mutumin Kano, da na sani a birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Kafin in yi nisa, bari in gaya muku gaskiya, ya ku masu bibiyar wannan shafi: wani sashe na labarin nan ya kuɓuce mini. Sunan ƙauyen da abin ya faru ya tafi. Tun safe nake lalubensa, ya ƙi dawowa. Haka tsufa yake, yana shiga ɗakin mutum ba sallama, ya ɗauki abin da ya ga dama. Abin da ya rage a hannuna shi zan ba ku.

Na ɗan zauna a Guangzhou wajen ɗana, ana duba mini idanu. A nan na san Munkaila. Kowace Juma'a mukan haɗu a Masallacin Huaisheng, idan an idar ya riƙe mini hannu har bakin titi. Mutum ne mai ƙarancin magana. Rabin labarin nan ma daga bakin taubashinsa Ghali na ji, wanda shi kuwa bakinsa ba ya hutawa.

Sana'arsu ita ce tsinken tsire. Kada ku yi dariya. Wannan ɗan tsinken da kuke ci ku yar a ƙasa, da gora ake yin sa, kuma su biyun nan kwantena suke cikawa da shi su tura gida. Suna da ɗan shago a unguwar Sanyuanli, inda mutanenmu suka fi yawa.

Shekara guda kafin abin da zan faɗa, mahaifiyar Munkaila, Hajiya Lauratu, ta rasu a Kano. Takardunsa na zama suna hannun hukuma ana sabunta su, babu halin fita. Yana cikin shago aka kira shi. Kafin ya gama fahimtar abin da ake gaya masa, an riga an kai ta makwancinta.

Mutane sun yi masa gaisuwa, ba za a ce ba su yi ba. Wani ta waya, wani a tsaye a bakin shago, hannu ɗaya a sama, ɗayan riƙe da jakar kaya. Wani ma yana shafa fatiha ya ce, "To, Alhaji, yanzu nawa katan yake?" Garin ne haka, kowa jirgi yake bi. Ba a shimfiɗa tabarma ba. Munkaila bai zauna ba, ko na yini ɗaya. Washegari ya buɗe shago, bai kuma ƙara ambaton maganar ba.

To, ana saura 'yan makonni Babbar Sallah, sai suka tashi zuwa ƙauyen da ake fere musu tsinken, can cikin duwatsu arewa da birnin. Dole a duba kaya a loda su ran nan, domin su riski jirgin ruwa a tashar Nansha. Idan suka rasa wannan jirgin, kayan ba za su isa gida ba sai bayan Sallah, lokacin da kasuwar tsinke ta riga ta watse.

Mai masana'antar shi ya ɗauke su a motarsa. Sunansa Pang, ɗan ƙauyen ne, amma yanzu a birni yake zaune. Da guntun Turancinsa da guntun Sinancinsu suke fahimtar juna. Suna kiransa laoban, wato maigida.

Da hantsi ya yi suka gangaro bakin wani kogi. A kan kogin ga wata gada ta katako, doguwa, mai rufi kamar zaure, da ginshiƙai a jere da bencina a gefe da gefe. Na ga hotonta a wayar Munkaila. Na taka gadoji da yawa a yawon da na yi na neman ilimi, daga Wudil har ƙasashen Larabawa, amma ban taɓa ganin gadar da aka yi wa rufi don kada ruwan sama ya daki matafiyi ba. Wanda ya fara tunanin wannan, mutum ne mai tausayi.

Pang ya tsayar da mota a gefen hanya ya kashe ta.

Ghali ya ce, "Laoban, yaya ka tsaya? Ga gareji an gina maka a kan ruwa, shige mana!"

Pang bai yi dariya ba. Ya nuna wasu manyan duwatsu biyu da aka kafa a bakin gadar. Ya ce mota ba ta bi ta nan. Akwai gadar siminti can ƙasa da nisa, ta nan babbar mota za ta zagayo da kaya. Su da ƙafa za su tsallaka.

Suka shiga. Ciki da sanyi, ƙamshin tsohon katako, ruwa yana kuka a ƙarƙashinsu. Munkaila ya lura a tsakiyar gadar katakon ya sha bamban da sauran, launinsa bai kai nasu duhu ba.

A ɗaya bakin, wajen ƙauye, wata tsohuwa tana zaune a kan 'yar kujera da tukunyar shayi a kan murhu. Duk wanda ya wuce sai ta miƙa masa kofi, ba ta karɓar komai. Pang ya ce mahaifiyarsa ce, sunanta Lan. Munkaila ya durƙusa ya gaishe ta kamar yadda ake yi a gida. Tun daga ranar Iya Lan yake ce mata.

Ghali ya kurɓi shayin ya yamutsa fuska. "Ba sukari, ba madara. Wannan ai ruwan wankin ganye ne. Shiye-shiye, Iya, an gode." Da guntun Sinancinsa ya yi godiyar.

Munkaila kuwa wani abu yake kallo. Wani matafiyi ya sha shayinsa ya bar kofin a kan benci a cikin gadar, taku kaɗan daga inda tsohuwar take. Ta miƙa hannu, bai kai ba. Ta dubi kofin, ta dubi katakon da ke gaban ƙafarta, sai ta koma ta zauna. Ƙafafunta suna kan ƙasa, daidai inda katako ya ƙare.

Ya ɗauko mata kofin. Sa'an nan ya ce da Pang, "Ƙafarta ce ke ciwo?"

Pang ya ce, "A'a. Ba ta taka gadar nan."

"Tun yaushe?"

"Tun ina goye."

Ghali ya duba agogo. Amma Pang ya riga ya fara magana, kamar wanda ya daɗe yana neman mai tambaya.

Ya ce sama da shekara arba'in da suka wuce, ƙauyen bai taɓa ganin mota ta kusa ba. Sai aka haɗa hannu aka sayo wata 'yar a-kori-kura don kai gora kasuwa. Mahaifinsa ne aka tura birni ya koyi tuƙi, shi ne direban farko a duk yankin. Ranar da ya zo da motar, gari ya fito da ganguna. An yi ruwa da safe, gangaren da santsi. Ya nufi gadar. Gada kuwa kakanni sun gina ta ne don mutum da kayan kafaɗarsa, ba su san za a yi wani abu wai shi mota ba. Rufin bai da tsawo, faɗin bai kai ba. Saman motar ya daki azara, ta karkace ta ture ginshiƙi, katakon tsakiya ya buɗe. Mota da direba suka tafi cikin kogi.

A ƙetare, ɓangaren da ba na ƙauye ba, ruwa ya ajiye gawarsa. A al'adarsu ta wancan lokaci, wanda ya yi irin wannan mutuwa a waje ba a shigo da shi gari. A can aka binne shi, a jikin tudu.

Lokacin girbi ne, gonakin shinkafa kuma suna ƙetare. Kafin a gyara gadar, rabin amfanin shekarar ya ruɓe a gona. Mutane suka sha yunwa. Suka ce girman kai ne ya kashe shi, ya so a ga ya iya. Dattijon garin ya tsaya a bainar jama'a ya ce ƙafar gidan nan ba za ta ƙara taka gadar kakanni ba.

Pang ya ce, "Babu wanda ya shigo gidanmu. Ita kaɗai ta yi kukanta."

Munkaila ya ce, "Amma kai ga shi kana takawa."

"Ni na taka don zuwa makaranta, ba wanda ya hana ni. Dattijon ya mutu tuntuni. Yaran yanzu ko labarin ba su sani ba. Na gaya mata an manta. Ta ce mantuwa daban, yafiya daban, ita ba ta ji wanda ya janye maganar ba."

"To a zagaya da ita ta gadar siminti mana."

"Ba ta shiga mota. Tun daga ranar."

Pang ya nuna wani tudu a ƙetare, inda wata bishiya ta tsaya ita kaɗai. Ya ce kabarin yana ƙarƙashinta. Daga kujerar nan ana hango bishiyar. Shi ya sa ta zaɓi nan take dafa shayi.

Ya ƙara da cewa ta tsufa, bara ta faɗi a ɗaki ba kowa kusa. Yana so ya tafi da ita birni ƙarshen watan nan. Ta ce ba inda za ta je sai ta tsaya a kan kabarin mijinta. Ba za ta taka gada ba, ba za ta shiga mota ba. Ya ɗaga kafaɗa. "Haka za ta mutu tana kallon bishiya."

Ghali ya ce, "Allah sarki. To, laoban, mu je a loda."

Da ya waiga, sai ya ga Munkaila yana cire takalmi.

Ya ajiye su gefe, ya tattara rigarsa, ya zauna a ƙasa a gaban tsohuwar, ya harɗe ƙafafu. Ya ɗaga hannuwa zai yi addu'ar da bakinsa ya saba, sai ya tuna mamacin ba musulmi ba ne. Ya sauke hannuwan a kan gwiwa. Ya dube ta ya ce da Hausa, "Iya, ashe haka abu ya faru. Ya haƙuri? Allah ya ba ki haƙurin rashi."

Daga baya ya tambaye ni ko ya yi kuskure. Na ce masa addu'ar rahama tana da ƙa'idarta, kuma ya kiyaye ta. Amma zama kusa da mai baƙin ciki, ban karanta inda aka hana ba.

Ghali ya riƙe baki. "Kai, Munkaila! Me kake yi haka?"

"Ta'aziyya."

"Ta'aziyyar wa? Mutumin nan ya mutu tun kafin a yi maka kaciya!"

"Ba a yi mata ba."

"To ka yi, Allah ya ba da lada. Tashi mu tafi."

"Ka taɓa ganin an yi gaisuwar mutuwa an tashi kamar an zo ɗiban wuta?"

"Jirgi ba ya jiran mai makoki, ɗan gidan Gwaggo. Masu tsire daga Kano har Maradi kai suke jira. So kake ranar Sallah su soke nama da yatsa?"

Munkaila ya sunkuyar da kai kamar yadda ake yi.

Iya Lan ta tambayi ɗanta abin da baƙon yake yi, ko ba shi da lafiya ne. Pang ya tambayi Munkaila. Munkaila ya ce, "Gaya mata a garinmu idan mutum ya rasu, ana zuwa a cire takalmi a zauna da iyalinsa. Ba sai an ce komai ba. Ana zama ne don kada su ɗauki abin su kaɗai. Gaya mata na zo a makare, ta yi haƙuri."

Pang ya fassara. Tsohuwar ta ajiye ludayin da ke hannunta. Ta daɗe tana kallon takalman da ke ajiye a gefe.

Pang ya dubi fuskar mahaifiyarsa. Ya dubi hanyar da ta nufi masana'anta. Sai ya sunkuya ya kwance igiyar takalminsa, ya zauna kusa da Munkaila.

Ghali ya ce, "Shi ke nan, cutar ta kama laoban ma." Ya wuce cikin gari shi kaɗai yana huci. Ba a daɗe ba ya dawo. Ma'aikata sun ce ba za su buɗe sito ba sai maigida yana wurin. "Meyo laoban, meyo kaya," in ji Ghali, wato babu maigida, babu kaya. Ya jingina da ginshiƙi yana danna waya, yana tsaki.

A ƙauye irin wannan, ganin baƙar fata kansa abin kallo ne, balle baƙar fata zaune a ƙasa ba takalmi a gaban mai shayi. Mata masu dawowa daga gona suka tsaya. Masu babur suka kashe injin. Wasu suka ɗaga waya suna ɗauka, ana dariya ƙasa-ƙasa. Wata ta tambaya ko wani sabon wasa ne.

Pang ya gaya musu abin da Munkaila ya ce. Ya ƙara da nasa: "Gaisuwar mutuwar babana yake yi. Shi ne mutum na farko."

Dariyar ta ɗauke. Matasa suka dubi juna, ba su gane ba. Amma masu furfura a cikinsu sun gane. Waya ta fara sauka ɗaya bayan ɗaya.

A bayan taron akwai wani tsoho da ake kira Fu, ɗan dattijon nan da ya yanke hukunci. Ya taho ne daga gona da takalmin roba mai tsawo, duk taɓo. Ya tsaya ya daɗe. Sa'an nan ya ratso mutane, ya dafa ginshiƙi ya fara kokawa da takalminsa. Ya ƙi fita. Ghali da ke kusa ya gaji da kallo, ya ce, "Kawo, Baba, kada ka faɗi ka ƙara mana wani zaman." Ya durƙusa ya zare masa.

Tsoho Fu ya zauna. Bai dubi Iya Lan ba, ƙasa yake kallo. Ya yi magana a hankali, Pang yana juya wa Munkaila.

Ya ce ran nan direban ya tsayar da motar a ƙetare, ya fito ya ce ba za ta shiga ba. Su ne suka yi ta ihu. Suna so a ga motarsu a tsakiyar gari, mutanen ƙauyukan maƙwabta sun zo kallo. Shi kansa Fu shi ke riƙe da ganga, shi ya fi kowa ɗaga murya. Suka ce masa matsoraci. Sai ya koma ya tayar da ita.

"Da abin ya faru," in ji tsohon, "ya fi mana sauƙi mu ɗora wa wanda ba zai iya magana ba."

Pang ya juya ga mahaifiyarsa. "Kin san haka?"

Ta ce, "Ina wurin. Kana bayana."

"Ba ki taɓa gaya mini ba."

"Da na gaya maka, da wa za ka yi wasa?"

Wasu tsofaffi biyu suka cire takalma suka zauna. Wata mata ta bi su. Ghali ya duba agogonsa, ya ga lokacin lodi ya riga ya wuce. Ya yi ajiyar zuciya, ya tuɓe nasa ya zauna a ƙarshen layi. Ya ce da Munkaila ƙasa-ƙasa, "Ka kashe mu. Miƙo mini ruwan ganyen nan."

Aka zauna. Ba na tuna ko sun ce mini awa nawa aka yi. Abin da na riƙe shi ne, babu mai magana, sai kukan ruwa.

Can tsoho Fu ya yunƙura ya miƙe. Ya taka katakon gadar da ƙafarsa ba takalmi, ya juyo ya fuskance ta. Ya ce, "Babana ne ya faɗa a gaban mutane. Ni ɗansa ne, ga mutane. Na janye. Lan, zo ki wuce."

Ba ta tashi nan da nan ba. Ta fara rufe tukunyar shayi, ta janye itacen murhu, ta gyara ɗankwalinta. Sa'an nan ta miƙe. Pang ya riƙe mata hannu ɗaya. Ɗayan hannun ta miƙa ta kama hannun rigar Munkaila.

Munkaila ya ce mini nauyinta bai fi na tsuntsu ba, amma riƙon da ta yi masa sai da ya ji shi har ƙashi.

Ta ɗora ƙafa a kan katako. Ta tsaya tana saurare, kamar tana jiran wani ya daka mata tsawa. Babu wanda ya yi. Ta ɗora ta biyu.

Suka tafi a hankali, mutane suna biye daga nesa. Da suka kai tsakiya, inda katakon ya sha bamban, ta tsaya. Ta saki ɗanta ta dafa ginshiƙin da aka sake. Ta leƙa ruwan. Ta faɗi wata gajeriyar magana wadda Pang bai fassara ba, Munkaila kuma bai tambaya ba. Daga nan ta ci gaba, har ƙafarta ta sauka a kan ƙasar ƙetare.

A gindin tudun Munkaila ya zare rigarsa daga hannunta cikin ladabi. Ya bar ta da ɗanta da mutanenta su hau su yi yadda suka saba. Shi da Ghali suka gangara bakin kogi suka yi alwala suka yi azahar. Daga inda suke suna hango ta a ƙarƙashin bishiyar, ta durƙusa tana cire ciyawa da hannu, bakinta yana motsi. Labarin shekara arba'in ba ya ƙarewa da wuri. Sai da rana ta karkata suka sauko.

A hanyar dawowa, a cikin gadar, ta tsaya ta sa ɗanta ya tambayi Munkaila wa ya koya masa wannan abin.

Ya ce, "Mahaifiyata. Ko ba ta san mutum ba, in ta ji an yi rashi a unguwa sai ta ɗauki mayafi."

"Tana ina?"

"Ta rasu bara."

"Ka je?"

"Ban samu hali ba."

"To wa ya zauna da kai?"

Munkaila ya girgiza kai. Ghali, wanda ba a taɓa rasa magana a bakinsa ba, ya kawar da kai yana kallon ruwa.

Iya Lan ta sunkuya ta cire 'yan takalmanta na yadi, ta jera su gefe. Ta zauna a kan katakon gadar da ta shekara arba'in ba ta taka ba. Ta jawo hannun rigarsa har ya zauna. Pang ya zauna. Tsoho Fu ya zauna. Waɗanda suka rage suka zauna, har gadar ta toshe, masu wucewa suka tsaya suna jira.

Ta ce a gaya masa ya ba ta labarinta.

Ya fara da Turanci don Pang ya fassara, amma Turancin ya ƙi ɗaukar maganar. Sai ya koma Hausa. Ya ce shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "wannan yaron", har ya yi furfura. Ya ce ba ta taɓa nuna ta damu da shi a gaban mutane ba, amma kullum ƙanzon tuwo a ɓoye take ajiye masa ƙarƙashin kwano. Ya ce a waya ta ƙarshe ba ta ce ya dawo ba, cewa ta yi mangwaron tsakar gida ya nuna, tsuntsaye ne kawai ke sha. Shi kuwa ya ce mata sai bayan kaya sun tashi.

A nan ya yi kukan da ya shekara yana bin sa.

Babu wanda ya fassara. Duk gadar, Ghali kaɗai ke jin abin da yake faɗa. Amma babu wanda ya tashi. Tsohuwar tana bubbuga bayan hannunsa a hankali har ya yi shiru.

Ghali ya matso, ya share idonsa da hularsa. Ya ce, "Ɗan uwa, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Gwaggo, ya sa ta huta. Ni ma a tsaye na yi maka."

Jirgi ya tafi ba da kayansu ba. Tsinken bai isa Kano ba sai bayan Sallah, suka sayar da shi yadda ya samu. Har yau in Ghali ya so tsokana sai ya ce, "Ga mutumin da ya sa Kanawa cin tsire da cokali." Munkaila yakan yi murmushi kawai.

Na gaya muku ƙwaƙwalwata ta fara yi mini rowa, kuma Ghali mutum ne mai ƙara wa miya gishiri. Da ya ce mini wai tsohuwar ta yarda ta shiga mota ta dawo birni wajen ɗanta, ban gaskata ba. Na bar maganar a matsayin ƙari.

Sai ana saura 'yan kwanaki in bar ƙasar, aka yi wa wani ɗan kasuwa mutumin Maradi mai suna Tankari rasuwar ƙanensa a gida. Munkaila ya rufe shago, ya kwashe kayan ɗakinsa a Sanyuanli ya shimfiɗa tabarmi, ya yi ta kiran mutane ɗaya ɗaya. Ɗana ya kai ni da la'asar. A bakin ƙofa, cikin tarin manyan takalman 'yan kasuwa, na ga wasu 'yan ƙananan takalma na baƙin yadi an jera su a gefe. Na shiga. Ga Iya Lan zaune a lungu kusa da ƙofa, da tukunyar shayinta a gabanta. Ba ta san Tankari ba, ba ta jin ko kalma ɗaya ta abin da muke faɗa. Wannan da idona na gani, bayan an gyara mini shi.

Darasi: Ta'aziyya ba ta tsufa, kuma baƙin cikin da ba a zauna an raba ba, ba ya tafiya, jira yake yi. Kada kasuwa ta sa ka gai da mai rashi a tsaye. Wanda ya cire takalminsa don ɗan Adam, ko ba yarensu ɗaya ba, Allah ba zai bar shi ya yi nasa kukan shi kaɗai ba. Idan akwai wanda ka san an yi masa rashi ba ka je ba, ko shekara nawa ne, tashi ka je. Ku tura wa 'yan uwa, musamman waɗanda ke nesa da gida.